Ƙafafun Teku

Dokta Oyelaran ya kira ni Lekki ranar Talata,
ya dafa bangon falonsa, ya ce,
"Tanimu, a nan zan ajiye teku."
Na yi dariya, na zaci ba'a ce.
Ga teku can bayan katangarsa, ana jin numfashinta,
me zai sa mutum ya shigo da ita ɗaki?

Sai ya miƙo takarda.
Akwatin gilashi, tsawonsa taku takwas,
lita dubu na ruwan gishiri,
ga duwatsu, ga yashi, ga nauyin gilashin kansa.
A cikin danfo na juya lissafin yadda zan gane:
buhun siminti talatin
a kan ƙafafun da ni zan yanka.
Daren nan a Agege barci bai zo da wuri ba.

Katako na fara so.
Na je Oko-Baba, na shafa, na ƙwanƙwasa, na kasa kunne.
Amma itace mai zurfin ciki ne,
yana shan danshi a ɓoye,
sai ya kumbura bai gaya wa kowa ba.
Na wuce Owode-Onirin na sayo ƙarfe
mai kusurwa huɗu, inci biyu.
Shi ma gishiri ba ya raga masa,
don haka fenti hawa uku,
har cikin lungun da ido ba zai taɓa leƙawa ba.

Sallau, yarona, ya ce ƙafa huɗu ta isa.
Na ce jaki ma huɗu gare shi,
kuma na ga ya durƙusa da kaya.
Muka yi takwas.
Muka gitta sanda biyu a baya,
don ruwa ba ya zaman lafiya, kullum jingina yake nema.
Cikin muka bar shi fanko,
wurin ƙaramin tanki da famfo da wayoyi,
da ƙofar da hannu zai shiga ba tare da zagi ba.
Kwana huɗu ina walda,
tsakanin ɗaukewar wuta da tarin janareto,
idanuna suna yaji kamar an watsa barkono.

Tayil ɗin falon, duk sheƙinsa, maƙaryaci ne.
Ƙwayar iskar cikin ma'auni ta zame hagu,
kaurin farce, bai fi ba.
Dokta ya ce, "Wa zai gani?"
Na ce, "Gilashin."
Muka kwanta rub da ciki muna murɗa noti
daga azahar har aka kira magariba,
kafin ƙwayar ta yarda ta zauna tsakiya.

Ran da aka zuba ruwa ban kalli ruwan ba.
Na manna kunnena jikin ƙarfe
ina jiran ya yi kuka.
Bai yi ba.

Bayan wata uku na koma gyaran ƙofa,
na tarar da murjani.
Ni a wuyan Inna na san shi,
ja, busasshe, a jere a zare,
sai ranar suna yake fitowa daga adaka.
Ban san yana da rai ba.
Ban san yana buɗe yatsu cikin shuɗin haske
yana lilo kamar gero kafin ya fid da kai ba,
wani ɗan kifi rawaya yana shiga yana fita
kamar gidan ubansa ne.

Baƙi sun cika falon, kowa ya ɗaga waya.
An lulluɓe aikina da farin falanki,
ba wanda ya sunkuya.
Ni na sunkuya.
Ƙwayar tana nan inda na bar ta.

Da za mu koma, a kan doguwar gada,
Sallau yana nuna min kwalekwale da masunta.
Ni kuwa inda hanya ta yi gwiwa na leƙa ta taga,
ina ƙirga ginshiƙan da ke tsaye cikin ruwan,
ina tunanin wanda ya auna su,
ko shi ma ya yi barci a daren farko.